Annobar dabbobi da kwanakin da take tafiya a ɓoye

A ranar 19 ga Fabrairun 2001 wani likitan dabbobi da ke aikin dubawa a wata mayanka a yankin Essex na Ingila ya ga aladu suna ɗingishi, ga ƙuraje a ƙafafunsu. Washegari gwaji ya tabbatar da cewa ciwon baki da kofato ne, wanda makiyaya ke kira boru. Hukuma ba ta hana zirga-zirgar dabbobi a faɗin ƙasar ba sai ranar 23 ga watan. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa kafin ma likitan nan ya ɗora ido a kan aladun, cutar ta riga ta shiga gonaki aƙalla 57. Ta faro ne a wata gonar aladu a arewacin ƙasar inda ake ba su ragowar abincin mutane, ta kama tumakin wata gona da ke kusa, aka kai tumakin kasuwar Hexham, wasu suka wuce kasuwar Longtown, fatake suka saya suka rarraba su gabas da yamma. Kafin ƙura ta lafa a ƙarshen Satumba an kashe dabbobi sama da miliyan 6, asarar ta kai kusan fam biliyan 8, har babban zaɓen ƙasar sai da aka ɗage da wata guda.

Wannan ƙasa ce mai kuɗi, mai ɗakunan gwaji da likitoci. Abin da ya kayar da ita kwanaki ne, waɗanda cutar ta yi tana yawo babu wanda ya sani, da ukun da aka ƙara mata bayan an sani. Masu lissafin yaɗuwar cututtuka sun ƙiyasta cewa da an rufe hanya tun ranar da gwaji ya fito, da annobar ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, ko ma da rabi. Da cutar ta sake ɓulla a yankin Surrey a 2007 aka dakatar da zirga-zirga nan take, ta tsaya a gonaki 8.

A ganina duk wata magana kan annobar dabbobi a nan take komawa: kwana nawa ne tsakanin ranar da dabbar farko ta kamu da ranar da labari ya isa ga wanda zai iya tare hanya. Alluran rigakafi, feshi, yanka, duk suna da muhimmanci, amma tsawon waɗannan kwanaki ne ke yanke ko za su yi aiki ko za su zama kame-kame.

Wani ɓangare na jinkirin daga halittar cutar yake. Tsakanin shigar ƙwayar cuta jikin dabba da bayyanar alama akwai tazara. A boru takan kai kwana 2 zuwa 14, kuma dabba na iya fara zubar da ƙwayar a miyau da nono kafin ƙurji ko ɗaya ya fito. Sannan dabbobin ba sa nuna ta iri ɗaya. Saniya takan tona asirin cutar da wuri, da dalalar miyau da ƙin cin abinci da raguwar nono. Tunkiya kuwa sai ta ɗan yi ɗingishi na kwana biyu ta warware, mai ita ya ɗauka ƙaya ce ko ruɓar kofato, alhali tana rabawa. Alade shi ne mai hura wutar, domin yana fitar da ƙwayar a numfashi fiye da kowace dabba, kuma idan iska ta dace tana ɗaukarta nesa. A 1981 an yi ittifaƙin cewa iska ce ta tsallaka da ita teku daga arewa maso yammacin Faransa zuwa wani tsibiri a kudancin Ingila. Ciwon huhu na shanu nasa salon ya fi haka muni: saniya ta warke, ta yi ƙiba, ta yi kyan gani a kasuwa, amma a cikin huhunta akwai wani ƙulli da ƙwayar ke zaune watanni, tana jiran wahalar tafiya ko yunwa ta fasa shi.

Iskar nan da ake ba da labari ba kasafai take faruwa ba. Yawancin lokaci mutum ne ke kai cuta inda ba ta isa da kanta ba. Sabuwar dabbar da aka sayo aka saka cikin garke a ranar, motar da ta sauke kaji a wata gona ta shiga wata ba a wanke ta ba, takalmin ma'aikaci, kwandon ƙwai da ke yawo daga gona zuwa gona, bijimin aro, mashaya guda da garkuna goma ke sha, allura ɗaya da aka soka wa shanu hamsin. Har shi kansa likitan dabbobi, idan bai kula ba, yana iya zama babban mai rabon cuta a yanki, tunda aikinsa shi ne shiga inda marasa lafiya suke. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyana shi a Kenya a 1921, ya isa Jojiya a 2007, kuma abin da aka fi zargi shi ne ragowar abincin jiragen ruwa da aka zubar aladu suka ci. Ƙwayar tana rayuwa watanni a cikin naman da aka sarrafa. Daga can ta ratsa Rasha da gabashin Turai, ta shiga ƙasar Sin a Agustan 2018, inda kusan rabin aladun duniya suke. Kafin ƙarshen 2019 alƙaluman gwamnatin ƙasar da kanta sun nuna garken ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100.

Shi ya sa matakan kariya a gona ba su da wani armashi, kuma saboda rashin armashin ne ake sakaci da su. Duk dabbar da ta shigo, ko sabuwa ce ko ta gida ce da ta je kasuwa ba a saye ta ba ta dawo, a keɓe ta mako uku zuwa huɗu, da mazubin abincinta da na ruwanta daban, kuma a riƙa zuwa wurinta a ƙarshe bayan an gama da masu lafiya. Masu kiwon kaji na zamani suna shigo da kaji sa'o'in juna a lokaci ɗaya, su fitar da su a lokaci ɗaya, su wanke ɗakin su bar shi fanko na ɗan lokaci, don cutar da ke jikin manya kada ta sami ƙananan da za ta koma wa. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone shi, kada a jefar a bayan gona karnuka da ungulaye su raba. Bari in ɗan tsaya a kan kwamin ruwan magani da ake ajiyewa a bakin ƙofa don tsoma takalmi, domin ya zama ado a gonaki da yawa. Kashin dabbobi da laka suna kashe ƙarfin yawancin magungunan feshi. Takalmin da ba a kankare ba, aka tsoma shi cikin ruwan da ya yi mako ba a sauya ba, bai rabu da komai ba, wataƙila ma ya ƙaro. Wanki da sabulu shi ne kashi mafi girma na aikin, magani yana biyo baya. Kuma kowace ƙwaya da abin da ke kashe ta: ta boru ba ta jure tsami ko kanwa mai ƙarfi, amma wasu magungunan da ke kashe bakteriya ba sa yi mata komai.

To, a ce duk da haka cuta ta shigo. A nan ne maganar ke barin hannun likita ta koma hannun mai dabba, kuma a nan ne tsare-tsare da yawa ke rushewa.

A tsaya a matsayin mutumin da ya wayi gari ya ga kajinsa ashirin sun mutu, ko shanunsa uku suna tari. Ya san idan ya kai rahoto za a zo a killace gonarsa, wataƙila a kashe duk abin da ya mallaka, maƙwabta su zarge shi da jawo musu hukuma, diyya kuma ko ta zo bayan shekara ko ta maƙale a ofis. A ɗaya hannun ga mahauci ko ɗan kasuwa da zai saya yau, ko da a rabin kuɗi. Mutum mai iyali, mai bashin abincin dabbobi a wuya, wanne zai zaɓa? Zai sayar, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, lissafi ne. Sai dai dabbar da aka yi gaggawar rabuwa da ita ita ce ta fi kowace hatsari, domin kasuwa za ta, inda za ta gogi ɗaruruwa, su kuma su watse zuwa garuruwa daban-daban kafin faɗuwar rana. Faɗuwar farashi ba zato ba tsammani a wata kasuwa, da yawan dabbobin da ake kawowa ba a lokacinsu ba, sau da yawa su ne alamar farko ta annoba, tun kafin wani ɗakin gwaji ya ga jini.

Saboda haka diyya makamin yaƙi da cuta ce, kuɗi ne da hukuma ke sayen labari da shi. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar tare da hukumomin abinci da lafiyar dabbobi a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ke yaɗuwa, ya ba da shawarar a riƙa biyan kashi 75 zuwa 90 cikin 100 na farashin kasuwa, kuma a biya cikin gaggawa. Akwai hikima a wannan ma'auni. Idan diyyar ta yi ƙasa, mutane su ɓoye. Idan ta zarce farashin kasuwa, sai wani ya ga babu riba a wahalar kare garkensa, wani ma ya shigo da dabbobi daga wani yanki don a kashe a biya shi. Saurin biya kuwa ya fi yawan kuɗin tasiri, domin labarin mutum ɗaya da aka kashe wa kaji ya yi wata shida yana sintiri a ofisoshi ya isa ya rufe bakin gari guda. Akwai kuma wani giɓi da ba a cika lura da shi ba: tsare-tsare da yawa suna biyan dabbar da jami'ai suka kashe ne kawai, ban da wadda cuta ta kashe kafin su iso. Wanda ya kai rahoto da wuri, jami'ai suka yi jinkirin kwana huɗu, shi ke ɗaukar asarar jinkirinsu.

Abin da mai dabba ke yi wa hukuma, shi gwamnatoci ke yi wa duniya. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda aka kafa a 1924 bayan shanun da aka ɗauko daga Indiya za a kai Brazil sun sauke ciwon bushiya, wata annoba mai kashe shanu, a tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyom a 1920, tana buƙatar ƙasashe mambobinta su sanar da ɓullar manyan cututtuka cikin awa 24 da tabbatarwa. Amma ƙasar da ta sanar ta san washegari za a rufe mata kasuwa. Lokacin da zazzaɓin Rift Valley ya kashe mutane da dabbobi a Saudiyya da Yemen a 2000, an hana shigo da dabbobi daga ƙasashen ƙahon Afirka, haramcin Saudiyya a kan Somaliya bai tashi ba sai 2009. Wanda ya ga haka ba zai yi mamakin ƙasar da ke jan ƙafa kafin ta amsa cewa tana da cuta ba. Maganin da aka samo shi ne rarraba ƙasa shiyya-shiyya, a rufe yankin da cutar take, sauran su ci gaba da ciniki, amma hakan yana aiki ne kawai idan mai saye ya yarda da alƙaluman mai sayarwa.

Idan labari ya iso, sai tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya: a kashe ko a yi rigakafi? Dabarar kashe masu cuta da waɗanda suka cuɗanya da su tsohuwa ce, Giovanni Lancisi, likitan Fafaroma, ya rubuta ta tun wajen 1715 a kan bushiya. Tana aiki sosai idan cutar sabuwar shigowa ce, tana wuri ƙanƙane, kuma akwai kuɗin biya. Hong Kong ta kashe kajinta kaf a ƙarshen 1997, sama da miliyan ɗaya, bayan murar tsuntsaye ta kama mutum 18 ta kashe 6, kuma cutar ta tsaya a lokacin. Botswana ta kashe shanu wajen 320,000 a yankin Ngamiland a tsakiyar shekarun 1990 ta rabu da ciwon huhu, duk da cewa mutanen yankin sun daɗe suna jin raɗaɗin abin. Amma idan cutar ta riga ta bazu, ko ta zama 'yar gida, yanka ya zama ɓarna tsagwaronta. A shekarar da Birtaniya ke ƙona miliyoyin dabbobi, boru ya shiga Uruguwai, ya kama gonaki wajen 2,000, kusan daidai da na Birtaniya. Bayan 'yan kwanaki suka daina yanka, suka yi wa shanunsu sama da miliyan 10 rigakafi, suka hana zirga-zirga. Dabbobin da suka kashe ba su kai 7,000 ba, cutar ta ƙare cikin wata huɗu. Abin da ya sa ƙasashe masu fitar da nama ke ƙyamar rigakafi shi ne ƙa'idojin ciniki: ƙasar da ta yi rigakafi takan daɗe kafin a mayar mata da shaidar tsarkaka, kuma a da gwajin jini ba ya bambance dabbar da aka yi wa allura da wadda ta kamu. Yanzu akwai gwajin da ke bambancewa, shi ya sa ra'ayi ke sauyawa. Faransa ta fara yi wa agwaginta rigakafin murar tsuntsaye a Oktoban 2023, abin da shekaru kaɗan baya ba a ko son jin zancensa a Turai.

Kada kuma a ɗauka rigakafi tsafi ne. Boru kala bakwai ne, allurar wani kalan ba ta kare dabba daga wani, kariyar kuma takan dusashe cikin wata shida. Ta ciwon huhu sai an maimaita kowace shekara. Yawancin alluran suna son sanyin digiri 2 zuwa 8 daga masana'anta har jikin dabba, wanda aka dama da ruwa kuma awa ɗaya ko biyu ke gare shi. Kwalbar da ta kwana a mota cikin zafi ba ta sauya kala, jami'i zai yi allura ya rubuta a takarda cewa an yi, dabba ta mutu bayan wata biyu, mai ita ya rantse ba zai sake yarda a taɓa masa garke ba. Don haka ƙirga kwalaben da aka raba ba ya nuna komai. Abin da ke nunawa shi ne a koma bayan makonni a ɗebi jinin wasu dabbobin a ga ko kariya ta kama, kuma a yawancin irin waɗannan cututtuka ana neman ta kama kashi 70 zuwa 80 cikin 100 kafin yaɗuwa ta karye.

Maganin antibayotik, wanda shi mutane suka fi rugawa gare shi, ba ya taɓa ƙwayar bairos, kuma boru da murar tsuntsaye da zazzaɓin aladu duk bairos ne. Abin da yake yi shi ne rage wasu alamomin, ya ƙara wa cutar kwanakin ɓuya, ya kuma koya wa bakteriya jure magani.

Wasu cututtukan ba a garke suke tsayawa ba. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa, kada a feɗe ta, domin alamar ciwon saifa ke nan. Idan iska ta taɓa jinin, ƙwayar takan yi wa kanta ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru gommai, kuma tana kama mai fiɗa da mai ci. A 2016 ta tashi a yankin Yamal na arewacin Rasha bayan an daina rigakafi a 2007, ta kashe barewar ƙanƙara sama da 2,000 da yaro ɗaya. A Maris na 2024 kuma aka gano murar tsuntsaye a jikin shanun madara a Texas ta Amurka, abin da ba a zata ba, ta bi motocin ɗaukar shanu zuwa wasu jihohi, ta kama wasu masu tatsa.

Cutar dabbobi guda ɗaya ce aka taɓa shafewa daga doron ƙasa, wato bushiya, kuma tarihinta ya ƙunshi duk abin da aka faɗa a sama. Ta shigo Afirka ta Eritriya wajen 1887 a jikin shanun da sojojin Italiya suka kawo, cikin shekara goma ta kai kudancin nahiyar, tana kashe shanu tara cikin goma a wurare da yawa, yunwa ta biyo baya. Wani masanin cututtukan dabbobi, Walter Plowright, ya samar da allura a Kenya wajen 1960, mai arha, wadda sau ɗaya ta isa har ƙarshen ran dabba. Daga 1962 zuwa 1976 aka yi gagarumin gangamin rigakafi a ƙasashe sama da 20, cutar ta kusa ɓacewa, masu ba da tallafi suka tattara kayansu, gwamnatoci suka daina sa ido. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ƙwayar ta lafe a wurare biyu masu wuyar shiga, ɗaya a yammacin Afirka ɗaya a gabashi, a farkon shekarun 1980 ta dawo ta share nahiyar daga gefe zuwa gefe.

A zagaye na biyu abubuwa biyu suka sauya. An sarrafa allurar yadda za ta jure wata guda ba firji, don haka ana iya kai ta da ƙafa ko a kan raƙumi. Sannan aka daina ɗaukar makiyayi a matsayin wanda ake yi wa aiki, aka mayar da shi abokin aiki. A kudancin Sudan, ana tsakiyar yaƙi, da yankin Afar na Habasha, an horar da mutanen da al'umma suka zaɓa daga cikinsu suka yi allurar da hannunsu, kuma gwajin jini ya nuna aikinsu bai gaza na ayarin gwamnati ba. Masu neman inda cutar ta ɓuya suka koyi zama da dattawan makiyaya suna tambaya, domin su suka san sunan kowace cuta, da shekarar da ta zo, da hanyar da ta biyo. An ga ta ƙarshe a 2001 a jikin ɓauna a gandun dajin Meru na Kenya. Daga nan aka daina rigakafin da gangan, aka zuba ido shekaru ko za ta ɗaga kai, sai a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa, bayan agana ta mutane.

Wadda ake hari yanzu 'yar'uwarta ce, cutar PPR ta awaki da tumaki, da aka fara ganowa a Kwaddebuwa a 1942, kuma a taron Abijan na 2015 aka sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da ita. Allurarta tana da kyau, tana kare dabba shekaru. Wahalar tana cikin dabbobin da kansu. Akuya da tunkiya suna haihuwa da wuri, ana sayar da su da wuri, don haka garken da aka yi wa allura bana, baɗi wani babban kaso nasa sababbin haihuwa ne da ba su da kariya. Sun fi shanu yawa nesa ba kusa ba, suna warwatse biyu-biyu uku-uku a hannun talakawa, galibi mata, waɗanda jami'in dabbobi bai cika zama da su ba, kuma ba kowa ke ganin akuya ta kai a kira likita dominta ba. Cutar tana ƙasashe sama da 70, a Yulin 2024 ma ta ɓulla a Girka da Romaniya. Da wuya wa'adin 2030 ya cika, kuma ko ya cika ko an ɗaga, lissafin zai dogara ne da ko matar da akuyarta ta fara zawo da majina ta san wanda za ta gaya wa, da abin da take tsammanin zai sami sauran awakinta idan ta faɗa.